Mitar gwajin ruwa ta TDS da takardun tsomawa: na gwada su a ruwan Challawa

Masu tambayata ko su sayi 'yar mitar gwajin ruwan nan da ake ce wa TDS, wato mai auna yawan gishiri da danginsa da suka narke a ruwa, amsata a gajarce ita ce e, ku saya, ba ta da wani tsada kuma aikin da aka yi ta dominsa tana yi. Amma in nufinka ka saye ta don ka rufe bakin wani a gardamar ko ruwan kogi yana da guba ko babu, to bar kuɗinka a aljihu. Su kuwa takardun tsomawar da ake haɗo ta da su, waɗanda aka rubuta a jikin robarsu wai suna gwada abu 16 a tsomi ɗaya, gaskiya ba zan ce wa kowa ya ɗora hukunci a kansu ba. Maganar tana da ɗan tsawo, ku yi haƙuri da ni.

Mu noman rani muke yi a ƙasar Kumbotso, injin ban ruwanmu daga kogin Challawa yake ja, kuma duk wanda ya san wurin ya san rukunin masana'antun Challawa yana nan kusa, cikinsu har da kamfanonin jima da dama. Ruwan dattin Sharada ma ta rafin Salanta yake gangarowa ya faɗo Challawa, na Bompai kuma ya bi Getsi ya haɗu da Jakara su tafi dam ɗin Wasai. Shi Challawa ɗin a wajen Tamburawa yake haɗuwa da kogin Kano, daga nan sai Wudil sai Haɗejia har ƙasar Yobe, ka ga ba maganar ƙauyenmu kaɗai ba ce. Gardamar nan tun ina yaro nake jin ta a majalisa, abin da ya hana ta ƙarewa kuwa shi ne kusan kowane gida akwai manomi ko masunci sannan akwai mai karɓar albashi a kamfani, mu ma kawuna a can yake aiki a ɓangaren gangunan jima. Kowa abincinsa yake karewa, kuma ba wanda yake da wata hujja a hannu sai ido da hanci.

A wani shagon kayan gwaje-gwaje na Sabon Gari na saye ta. An rubuta TDS-3 a jikinta amma ba sunan kamfani ko ɗaya, wato dai kwafi ce, mai shagon ma bai ɓoye min ba, cewa ya yi "Malam, ta asalin sai ka ninka kuɗin nan, ɗauki wannan kawai." Siffarta irin ta biro ce mai kauri, da murfi a ƙasa, in ka cire za ka ga wasu 'yan ƙarafa biyu, su ake tsomawa. Madanni uku ne, na kunnawa, da na HOLD mai riƙe lambar bayan ka fito da ita daga ruwa, da na TEMP mai nuna zafin ruwan. Tana karantawa daga 0 zuwa 9990, in lambar ta wuce 999 sai ka ga x10 yana ƙyaftawa a gefe, ma'ana ka ninka abin da kake gani sau goma, wannan fa a kula da shi domin na ga wanda ya ga 150 ya hau murna alhali 1500 ce. Ƙananan batir biyu take ci irin na agogo. Sikirin ɗin ba shi da fitila, da asuba sai ka haska da waya, kuma ƙasanta kawai ake tsomawa, in ta suɓuce ta faɗa kogi to sai dai a yi maka jaje. 'Yar jakar da ta zo a ciki ba ta da ƙwari ko kaɗan, ɗinkin ya farke tun ba a je ko'ina ba.

Mitar nan ba ta ganin datti, wannan shi ne abin da masu tallarta a Facebook ba sa faɗa. 'Yar wuta take turawa tsakanin ƙarafan nan biyu ta ga yadda ruwan yake ɗaukar lantarki, sai ta juya abin zuwa lamba, kuma abin da yake sa ruwa ɗaukar lantarki shi ne gishiri da danginsa da suka narke a ciki. Kowa zai iya tabbatarwa a gida. Ɗebi ruwa kofi biyu, zuba suga cokali guda a ɗaya ka juya ka tsoma, lambar da ƙyar za ta motsa. Ɗaya kofin kuma sa masa gishiri ɗan abin da yatsu biyu za su ɗauka, za ka ga ta yi tsalle. Fetur, maganin feshi, ƙwayoyin cutar kwalara ko taifot, duk ba ruwanta da su. Ruwan kududdufi da jaki ya tsaya a ciki yana iya ba ka lamba ƙasa da ta burtsatsen da ake sha lafiya lau.

Ga kuma lissafin da ya fi damuna. Ma'aunin ruwan sha na Najeriya ya sa iyakar TDS a 500, wato miligiram 500 a lita ɗaya. Iyakar kuromiyom, ƙarfen da ake jima da shi, 0.05 ce, ta dalma kuma 0.01, haka Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta ajiye. Mitar kuwa ɗaya-ɗaya take ƙirga, ba ta san rabin ɗaya ba ma. Ke nan kuromiyom zai iya ninka iyakarsa sau goma ya kai 0.5 lambar ba ta gusa daga inda take ba. Dalma sai ta ninka sau ɗari kafin ta kai 1. Duk wanda ya tuna abin da gubar dalma ta yi wa yara a ƙauyukan Zamfara a 2010, yara wajen 400 suka rasu, ya san ba a wasa da ƙaramar lamba a wannan fannin. Saboda haka in wani ya tsoma mita ya ɗauki hoto ya ce ga shi ruwan kogi 180 ne lafiyarsa ƙalau, bai faɗi komai a kan guba ba. Haka wanda ya nuna 1200 ya ce ga guba an kama, shi ma gishiri kawai ya kama.

To me ya sa na ce a saya? Saboda ruwan jima da gishirinsa yake fitowa, kuma gishirin ne sawun da za ka bi. Fata da ƙirgi da gishiri ake adana su kafin su zo kamfani, matakin farko shi ne a jiƙa a wanke gishirin nan. Sai a sa su a farar ƙasa da sinadarin salfayid don gashi ya zube, shi ne warin ruɓaɓɓen ƙwan da yake tarbarka tun daga titi. Sai a sake sa su a gishiri da asid, sannan a zuba kuromiyom a ganga a juya har fatar ta koma shuɗi-shuɗi, wadda 'yan kasuwar suke kira wet bulu. Fatar ba ta shanye kuromiyom ɗin duka, kusan kashi ɗaya cikin uku a ruwan yake saura. Tan ɗaya na ɗanyar fata kuma yana cin ruwa wajen lita dubu 30 zuwa 40. Duk wannan in ba a tace ba kwata zai bi.

Yadda nake amfani da ita shi ne in auna wuri uku, sama da inda magudanar take faɗowa kogi, da bakin magudanar, da ƙasa wajen da muke kafa inji, in rubuta a littafi da rana da lokaci. Lamba ɗaya ba ta da amfani, bambancin ne magana. A sama lambar tana zama ƙasa-ƙasa kuma ba ta cika canzawa ba. A bakin magudana x10 ɗin nan kusan kullum sai ya fito. A wajenmu kuma tana hawa tana sauka, da damina takan yi kusa da lambar saman magudana, da rani ya yi nisa kogi ya ja baya sai ta hau, kuma wani abin da ban taɓa lura da shi da ido ba sai da mitar ta nuna min, akwai ranakun da ta asuba take fin ta la'asar nesa ba kusa ba. Ban ga kowa yana buɗe komai da dare ba kuma ba zan kama sunan kowa ba, kamfanoni da yawa ne suke zuba wa magudana ɗaya, amma dai yanzu in na ga lambar asuba ta hau sai in jinkirta tayar da inji zuwa hantsi. Wannan kaɗai ya mayar min da kuɗina, domin tumatir da albasa ba sa son gishiri, yabanya ma ƙonewa take daga gefen ganye.

Takardun tsomawa kuwa abin haushi. 'Yan siraran ledoji ne da aka liƙa wa ƙananan murabba'ai masu launi, ka tsoma ka fito ka jira ka kwatanta da jadawalin jikin roba. Na pH, wato mai nuna ko ruwa ya karkata ɓangaren asid ko na kanwa, yana aiki daidai gwargwado, a bakin magudana wani lokaci ya tafi can ɓangaren kanwa wani lokaci ya dawo, ya danganta da wace ganga aka juye, kuma dokar tace ruwan masana'antu ta 1991 cewa ta yi ruwan da za a saka a kogi ya tsaya tsakanin 6 da 9, to aƙalla wannan kana iya dubawa. Amma sauran fa? Ruwan da ya riga ya zo da launinsa, baƙi-baƙi ko ja-ja, yana rina murabba'in da kansa, sai ka rasa launin gwaji kake gani ko na rini. Launukan suna zuba cikin juna in ka riƙe ta a tsaye. Ni da ƙanina mun kalli takarda ɗaya, ni na ce na biyu ne shi ya ce na huɗu. Da damina ta shigo kuma danshi ya shiga robar sai wasu suka canza launi tun ba a tsoma su ba.

Babbar matsalar ita ce wajen kuromiyom. A jadawalin an rubuta Cr(VI), wato nau'i na shida, shi ne mugun, mai jawo sankara. Wanda ake jima da shi nau'i na uku ne, bai kai wancan haɗari ba, wannan gaskiya ce kuma masu kare kamfani suna da ita a hannu. Sai dai takardar ba ta ganin na ukun sam, ke nan za ta nuna maka sifili ko da ruwan cike yake da shi. Kuma na ukun ba ya ɓacewa, in ya haɗu da ruwa mai farar ƙasa sai ya dunƙule ya kwanta a taɓo, yana nan shekara da shekaru, kuma yana iya rikiɗewa zuwa na shida in an ƙona tarkacen fata ko in ya haɗu da wasu sinadaran cikin ƙasa. Wato abin da ake nema ma ba a ruwan da kake tsoma takarda yake ba, yana ƙarƙashin ƙafarka.

Bari in ɗan ratse, tunda an zo wajen yaudara. Akwai masu tallar injin tace ruwa da suke yawo da wata na'ura mai sanduna huɗu, su tsoma a kofin ruwan gidanka su jona wuta, nan da nan ruwa ya koma kore ko ruwan ƙasa da dauɗa tana yawo, su ce ka ga abin da iyalinka suke sha. Wallahi ba dattin ruwanka ba ne, sandar ƙarfen ce take narkewa saboda wutar da ta ratsa. Duk ruwan da yake da ɗan gishirin ma'adinai haka zai yi. Kar a tsorata ku.

Yanzu sai gardamar kanta, don ita ce ta sa na kashe kuɗin. Hujjar da aka fi maimaitawa ita ce ruwa mai gudu yana wanke kansa. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, jini da tsokar fata da kashin dabbobi ƙwayoyin halitta suna cinye su a hankali in ruwa yana da yawa yana da iska, duk da cewa wajen cinyewar ne suke shanye iskar da kifi yake buƙata, shi ya sa ake wayar gari a ga kifi ya taso ciki sama. Amma gishiri da ƙarfe ba mai cinye su, sirkawa kawai ake, kuma sirki sai da ruwa, ruwan Challawa na watan Agusta daban na watan Afrilu daban, kamfani kuwa ba ya rage aiki don kogi ya ƙafe. Wani dattijo ya kawo min abin da muka karanta a makarantar zaure, cewa ruwa yana nan a tsarkinsa matuƙar launinsa ko ɗanɗanonsa ko ƙamshinsa bai canza ba. Na ce masa "Baba, Allah ya ƙara lafiya, wannan hukuncin alwala ne kuma yana nan daram, amma ba shi ne yake cewa abu ba zai cutar da ciki ba." Balle ma a bakin magudanar duka ukun sun canza.

Ta biyu ita ce ta kawuna, kuma ita ce ta fi nauyi. Cewa yake "Kai ɗan nan, ku yi ta surutu har a rufe mana wurin, sai ka zo ka ciyar da gidana." Ba na raina wannan maganar, Kano ta ga rufewar masana'antu da idonta, ka zaga Sharada da Bompai ka ƙirga gine-ginen da suka koma sito. Amma in muna son gaskiya sai mu tambaya me ya rufe su. Masaƙun Kaduna da suka riƙa zuba rini a kogin Kaduna ta Kakuri da Makera, har babbarsu UNTL da ta tsaya a 2007, rashin wuta da tsadar baƙin mai da atamfar fasa-ƙwauri ne suka kwantar da su, ba jami'in muhalli ba. Inda kawu yake da gaskiya shi ne injin tace ruwa wuta yake ci dare da rana, kuma a garin da kowa da janaretonsa yake aiki, abin da za a fara kashewa in dizal ya yi tsada shi ne abin da ba ya kawo kuɗi. Ka ga ko da an gina wurin tacewa an ɗauki hoto, tambayar ita ce ana kunna shi?

Sai dai ba duk tacewa ce asara ba. Ruwan gangar kuromiyom in aka ware shi daban ba a haɗa shi da sauran ba, ana zuba masa sinadarin maganiziya ya kwanta, a tsiyaye ruwan sama, a narkar da na ƙasan da asid a mayar da shi ganga. Kuromiyom daga waje ake sayo shi da dala, wanda ya zubar da kashi ɗaya cikin uku kuɗinsa yake zubarwa a kwata. Sannan manyan masu sayen fata na Turai yanzu suna neman shaidar ƙungiyar LWG, wadda take duba har da yadda kamfani yake yi da ruwansa, wanda ba shi da ita sai ya sayar da araha. Bangaladash ta ɗanɗana wannan. A 2017 aka tilasta wa majemun unguwar Hazaribag ta birnin Daka tashi daga bakin kogin Buriganga zuwa Sabar, aka gina musu matatar haɗin gwiwa guda ɗaya, sai ga shi matatar ba ta iya ɗaukar ruwan da ake turo mata musamman bayan babbar sallah lokacin da fatu suke yawa, dattin ya koma kogin Daleshwari. Don haka masu cewa a kwashe kamfanonin a kai su daji kawai, su ma su sake tunani, wani ƙauyen za a kai wa.

Akwai masu cewa ai jima sana'ar kaka da kakanni ce, Kano da fata aka san ta, fatar jan akuya daga nan ƙasar Hausa ta ratsa Sahara har Turawa suka riƙa ce mata fatar Maroko, ba wanda ya mutu. Haka ne, amma majemin gargajiya da bagaruwa da toka yake aiki, 'yan fatu a kwatarniya, warinsa ya fi cutarsa. Haɗa shi da kamfanin da yake juya dubban fatu a ganga da sinadaran kanti rainin hankali ne kawai.

Wata hujjar kuma ita ce ba kamfani kaɗai ke ɓata ruwa ba, gari ma yana zuba nasa. Wannan kam na yarda ɗari bisa ɗari, duk wanda ya tsaya a bakin Jakara ya san abin da yake ɗaukowa daga cikin birni, ruwan wanka da na bayan gida da na kwata da leda. Mu manoma ma taki da maganin feshinmu ina yake tafiya in an yi ruwa? Kuma in za a faɗi gaskiya akwai masu lambun da suke son ruwan dattin nan don yana sa latas da kabeji kore shar ba tare da sun sayi taki ba, in aka tsaftace shi su ne za su fara ƙorafi. Amma laifin wani ba ya wanke na wani, kuma a nan ne mitar take da ɗan ta-cewa, in lambar sama da magudanar kamfanoni ƙasa take ta ƙasa da ita kuma ta hau, to ba matan gari ne suka zuba gishirin ba. Kuromiyom kuwa ba a girki da shi.

Ɓangarenmu ma akwai maganganun da ba sa tsayawa da ƙafarsu. Duk wanda ya yi ciwon ƙoda ko ƙaiƙayin fata ko mace ta yi ɓari, sai a ce ruwan kamfani ne. Mai yiwuwa, amma hawan jini da ciwon suga da shan magungunan kashe ciwo barkatai su ma suna kashe ƙoda, kuma in ka je gaban hukuma da zargin da ba za ka iya tabbatarwa ba, lauyan kamfani a kansa zai tsaya ya bar wanda kake da hujjarsa. Gara ka riƙe abin da za ka iya nunawa, ga lamba, ga rana, ga wuri, ga farin gishiri ya fito a kan kunya, ga kifi.

Masu cewa babu doka kuma ba su bincika ba. Doka tana nan tun bayan abin kunyar Koko a 1988, lokacin da aka shigo da dubban gangunan shara mai guba daga Italiya aka jibge a wani fili a garin Koko da ke jihar Delta ta yanzu. A shekarar gwamnatin Babangida ta yi doka mai lamba 42 da ta tanadi ɗaurin rai da rai ga mai irin wannan, ta kuma kafa hukumar kare muhalli ta FEPA. A 1991 aka fitar da ƙa'idar da ta wajabta wa kowace masana'anta ta tace ruwanta kafin ta sake shi, a 1992 aka yi dokar duba illar aiki ga muhalli kafin a fara shi, a 2007 aka kafa NESREA, hukumar da ke sa ido kan bin dokokin muhalli, a 2009 kuma ta fitar da ƙa'idoji na musamman a kan masaƙu da kamfanonin fata. Inda gizo yake saƙar shi ne tara da sa ido. Dokar 2007 yadda aka fara rubuta ta, tarar kamfanin da ya zubar da abu mai haɗari ba ta wuce naira miliyan 1 ba, sai dubu 50 a kowace ranar da laifin ya ci gaba. Kwatanta wannan da kuɗin dizal ɗin da zai kunna matata wata guda, ko ɗan firamare zai gaya maka wanne ya fi sauƙi. Jami'i kuma da rana yake zuwa, lokacin aiki, ya ɗebi kwalba ɗaya ya tafi, alhali littafina yana nuna min ruwan asuba da na la'asar ba ɗaya ba ne. Ni a ganina ƙara sabuwar doka ba shi ne gaba ba, a riƙa auna magudanar a lokutan da ba a sanar ba kuma a liƙa sakamakon inda kowa zai gani, ya fi.

Kawu dai bai sauka daga kan bakansa ba, amma ranar da na nuna masa littafin ya daɗe yana kallo, sannan ya ce in daina tayar da inji da asuba ranar da aka yi lodin sabbin fatu, zai riƙa gaya min. Ni kuma na daina cewa a rufe.

Wa ya kamata ya saya? Mai noman rani a ƙasan masana'antu, mai kiwon kifi, mai gidan fiya wata da yake son sanin ko matatarsa ta gaji, duk za ta yi musu amfani. A riƙa ɗauraye ƙarafan da ruwa mai kyau bayan kowane awo musamman in an tsoma a magudana don maiƙo yana liƙe musu lambar ta fara ƙarya, a kuma samu ruwan daidaita mita mai lamba 342 a wajen masu kayan gwaji a riƙa duba ta lokaci-lokaci, tawa ta ɗan kauce kaɗan amma ba abin da zai ɓata kwatance ba. Takardun kuma in za a saya a nemi na pH zalla, sun fi araha sun fi sauƙin karantawa. Mai son sanin kuromiyom ko dalma ko kadmiyom kuwa sai ɗakin gwaje-gwaje mai na'urar auna ƙarafa da ake ce wa AAS, irin wadda ake samu a sashen kimiyyar sinadarai na jami'o'i, kuma kuɗin kowane ƙarfe daban ake biya, shi ya sa mu masu lambu a layinmu muke shirin yin karo-karo. A fara zuwa a tambaye su irin kwalbar da suke so domin akwai asid ɗin da ake ɗiga wa ruwan kada ƙarfen ya liƙe a jikin roba kafin a kai, kuma kar a kai ruwa kaɗai, a haɗa da taɓon bakin kogi da ƙasar kunya da ganyen abin da aka shuka.